Takardar da Ake Sa wa Hannu Cikin Naƙuda

A watan Nuwamban 2014, Kotun Ƙolin Namibiya ta yanke hukunci a kan ƙarar wasu mata uku masu ɗauke da cutar HIV, waɗanda aka ɗaure wa mahaifa a asibitocin gwamnati lokacin da suka je haihuwa. Gwamnati ba ta musa cewa an yi aikin ba. Hujjarta guda ce: ga takarda, ga sunan kowacce, ga sa hannunta. Da alƙalai suka bincika lokacin da aka sa hannun, sai ta bayyana cewa matan suna tsakiyar naƙuda ne, ana shirin shigar da su tiyata. Kotu ta ce macen da ke cikin wannan hali ba ta da natsuwar da za ta auna abin da zai raba ta da haihuwa har abada, don haka sa hannun nata bai zama yarda ba. Ba ta gamsu cewa saboda cutar aka yi musu ba, amma a kan batun yarda matan ne suka yi nasara.

Da ina da iko, da na sa an fassara wannan hukunci zuwa Hausa an manna shi a bangon kowane ɗakin haihuwa namu.

Duk wanda ya taɓa kwana a barandar ɗakin haihuwa ya san yadda abin ke kasancewa. Mace ta yi kwana biyu tana naƙuda a gida, an kawo ta a galabaice, likita ya duba ya ce sai aiki. Nas ta leƙo da fayil a hannu ta ɗaga murya, "Ina mijinta?" A kirawo shi daga gindin bishiya inda yake lissafin kuɗin jini da na magani. "Malam, aiki za a yi mata. Wannan ne na uku, likita ya ce gara a juya mahaifar gaba ɗaya. Sa hannu a nan." Ya karɓi biro hannunsa na rawa, ya ce, "A yi duk abin da ya kamata, Allah dai ya raba lafiya." In bai iya rubutu ba a dangwala masa yatsa a tawada. A can ciki ana tura ta a kan gado, ƙarin ruwa a hannu, mahaifiyarta na biye tana faɗin, "Sannu 'yar nan, sannu." Wata ta sunkuya ta ce, "Baiwar Allah, kin yarda ko?" Ta gyaɗa kai. A wannan lokacin duk abin da aka ce mata, in dai ciwon zai tsaya, gyaɗa kan za ta yi. A fayil an rubuta haruffa uku na Turanci, BTL, wato ɗaure mahaifa, waɗanda daga ita har mijin babu wanda ya san me suke nufi.

Ba wanda ya yi mugunta a wannan baranda. Likitan tsoron ranta yake ji, nas ɗin tana da wasu mata na jira, mijin kuma hankalinsa ba ya jikinsa. Duk da haka an yanke wa mace hukuncin da ba ya warwaruwa, ita kuma ba a yi shawara da ita ba.

A duniya ɗaure mahaifa shi ne hanyar hana ɗaukar ciki da aka fi amfani da ita. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mata miliyan 219 ne suka dogara da ita. A Najeriya lamarin ya sha bamban, domin binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna matan auren da aka yi wa aikin ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Wannan ƙarancin ya sa ba a cika tattauna shi a ranar awo ba, sai dai ya taso kwatsam a bakin ɗakin tiyata, wato a lokacin da ya fi kowane lokaci rashin dacewa.

Shi aikin kansa, duk da muna cewa ɗaure mahaifa ko juya mahaifa, ba a taɓa mahaifar. Mace tana da ma'ajiyar ƙwai biyu, dama da hagu, kuma daga kowacce akwai siririn bututu da ke kai ƙwai zuwa mahaifa. A cikin bututun ne maniyyi ke haɗuwa da ƙwan. Likita zai kamo bututun ya ɗaure ya yanke wani yanki, ko ya ƙona, ko ya matse shi da ɗan maƙali, wani lokaci ma ya cire bututun dungurungum. Tun da ma'ajiyar ƙwan na nan tana aikinta, al'ada ba ta ɗaukewa, mace ba ta tsufa kafin lokacinta, sha'awa ba ta mutuwa saboda aikin. Bincike ya ma nuna yana rage haɗarin kansar ma'ajiyar ƙwai. Amma ba ya kare mace daga HIV ko sauran cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. Abin da ya fi damuna shi ne mata da yawa suna fita daga asibiti da tunanin cewa abin da aka ɗaure ana iya kwance shi duk ranar da aka so. Akwai tiyatar sake haɗa bututun, amma tana da tsada, masu yin ta kaɗan ne, ba kullum take cin nasara ba, in kuwa an cire bututun gaba ɗaya to babu abin haɗawa. Sai dai haɗa ƙwai a waje a dasa, wanda kuɗinsa miliyoyin naira ne.

Illolin jiki kuwa akwai su, ko da yake ba su da yawa idan aikin ya faɗa hannun ƙwararre a wuri mai tsafta: zubar jini, ruɓewar rauni, raunata hanji ko mafitsara bisa kuskure, da matsalar allurar barci. Akwai kuma wadda ba a cika faɗa wa mata ba, alhali a wurinmu ita ce ta fi haɗari. Aikin yakan gaza. Wani babban bincike da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta jagoranta, wanda ya bi diddigin mata sama da 10,000, ya gano cewa cikin shekara 10 kusan mata 18 cikin 1,000 sun sake samun ciki, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na waɗannan cikin a wajen mahaifa ya zauna, galibi a cikin bututun. Irin wannan ciki ba ya rayuwa. In ya girma sai bututun ya fashe, jini ya riƙa taruwa a cikin ciki ba tare da an ga ɗigo a waje ba.

A yi tunanin macen ƙauye da aka ce mata, "Ke da ciki har abada." Bayan shekara huɗu ta yi ɓatan wata, mararta ta fara ciwo ta gefe ɗaya, tana ganin jiri. Ba za ta kawo ciki a ranta ba, mijinta ma haka, mai kemis ɗin da za su je wurinsa ma haka. Za a ba ta maganin shawara ko na gyambon ciki, a jiƙa mata saiwa. Kafin wani ya tuna da asibiti jini ya ƙare. Jimla ɗaya tak a ranar sallama za ta iya ceton ta: in kika ga ɓatan wata da ciwon mara, ki taho asibiti a ranar, ki ce an taɓa ɗaure miki mahaifa. To macen da ba ta ma san an yi mata aikin ba fa, me za ta ce?

Wasu matan suna kukan cewa bayan aikin al'adarsu ta rikice, ko mara ta riƙa ciwo. Wancan binciken na Amurka ya kwatanta su da matan da mazajensu ne aka yi wa aikin hana haihuwa, bai ga cewa ɗaurin na jawo rikicewar al'ada ba. Sau da yawa macen ta daina shan ƙwaya ko yin allura ne a daidai lokacin, jikinta ya koma yadda yake tun asali. Wannan bayani ne da ya kamata a zauna a yi mata, ba a kore ta da cewa ƙorafi ne kawai ba. Likitoci sun taɓa raina kukan mata suka ji kunya. Wata 'yar waya mai suna Essure, da ake cusawa cikin bututun don ta toshe shi, an yi shekaru mata na kukan ciwo da zubar jini da huda mahaifa kafin hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tilasta sa mata gargaɗi mai tsanani a 2016, kamfanin Bayer mai yin ta ya daina sayar da ita a ƙarshen 2018.

Amma illar da ta fi kowacce yawa ba a jiki take ba. Nadama ce. Masu wancan binciken sun ci gaba da tambayar matan har shekara 14, suka tarar cikin waɗanda aka yi wa aikin suna da shekara 30 ko ƙasa da haka, ɗaya cikin biyar ta yi da-na-sani. Cikin waɗanda suka haura 30 kuwa wajen 6 ne cikin 100. A Amurka ke nan, inda mace ba ta cika binne 'ya'yanta ba. Mu a nan binciken 2018 ya nuna yara 132 cikin 1,000 ba sa kai shekara biyar, kuma Arewa maso Yamma ta zarce wannan adadi. Yarinyar da aka aurar tana da sha shida, ta kai ashirin da biyar da tiyata uku, gabanta akwai shekara ashirin na haihuwa. Cikin waɗannan shekarun ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro na iya ɗauke mata biyu. Miji na iya rasuwa. Saki kuwa, kowa ya san yadda yake a garuruwanmu. Mijin da ya dangwala yatsa a baranda zai iya ƙaro aure ya ci gaba da haihuwa, ita kuma ta shiga gidan wani da sirrin da ba ta san yadda za ta faɗa ba, tana shan gorin dangin miji. Wanda ya sa hannu daban, wadda za ta ɗauki nauyin abin har kabari daban.

Na san amsar da likitocinmu za su bayar, kuma amsa ce mai nauyi. Za su ce: kai da kake rubutu a jarida ba ka taɓa buɗe cikin mace ka ga mahaifa ta yi sirara har kana hango gashin jariri ta cikinta ba. Ba ka ga wadda mahaifarta ta fashe aka ɗinke ba, ka kuma san in ta koma ƙauye ba za ta dawo awo ba, ciki na gaba a gida za ta yi naƙudarsa, a nan za ta mutu. Ƙasar da binciken 2018 ya ce mata 512 ke mutuwa cikin kowace haihuwa 100,000 ba wurin dogon Turanci ba ne. Ga ciki a buɗe, aikin minti biyar ne, me ya sa za a bar ta ta tafi da ajalinta?

Na yarda da tsoronsu, ban yarda da inda ya kai su ba. Akwai bambanci tsakanin ceton ran da ke salwanta yanzu da hana cikin da bai zo ba. In jini ya ƙi tsayawa, babu mafita sai cire mahaifa, wannan gaggawa ce, kuma babu mai hankalin da zai ce a tsaya neman izini mace na mutuwa. Amma cikin da ake tsoro sai nan da shekara ɗaya ko biyu zai zo, in ma zai zo. Ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, ta faɗi haka ƙarara a ƙa'idojinta na 2011: ɗaure mahaifa don hana ciki na gaba ba aikin gaggawa ba ne, kuma bai kamata a nemi yardar mace tana naƙuda ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun nanata wannan a 2014. A 2016 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasashen nahiyar Amurka ta kama ƙasar Bolibiya da laifi a kan wata mata da aka ɗaure wa mahaifa ana tsakiyar yi mata tiyatar haihuwa, duk da likitan ya ce don kare ranta ya yi. Sannan ba wai babu wata mafita ba ce. Ana iya sa mata robar mahaifa ko ashanar fata kafin a sallame ta, ta samu shekaru tana hutawa, in ta warke hankalinta ya dawo a zauna da ita. In ta zaɓi ɗaurin a yi mata, ƙaramin aiki ne. Wahalar dawowa asibiti sau ɗaya ba ta kai wahalar rayuwa da abin da ba ka zaɓa ba.

Kuma duk inda aka tafka ta'asa a wannan fanni, da kyakkyawar niyya aka fara, ko aƙalla da ita aka fake. A 1973 a Montgomery ta jihar Alabama, an ɗaure wa wasu 'yan mata biyu baƙar fata mahaifa, Minnie Lee Relf da ƙanwarta Mary Alice, ɗaya 14 ɗaya 12. Mahaifiyarsu ba ta iya karatu ba, ta yi alamar X a takarda tana zaton allurar tazara za a yi musu. Shari'ar da ta biyo baya ce ta haifar da dokar da ake bi a Amurka har yau ga aikin da gwamnatin tarayya ke biya: sai mace ta kai 21, sai an bar kwana 30 tsakanin sa hannu da aiki, kuma ba a karɓar sa hannun mai naƙuda. A Peru, zamanin Alberto Fujimori, an yi wa mata sama da 270,000 aikin tsakanin 1996 da 2000, da yawansu talakawan karkara masu magana da harshen Kecuwa, ma'aikatan lafiya kuma an ɗora musu adadin da za su cika. Ɗaya daga cikinsu, María Mamérita Mestanza, ta rasu a 1998, kwanaki kaɗan bayan aikin da aka matsa mata ta yarda da shi. A Indiya, a Nuwamban 2014, likita ɗaya ya yi wa mata 83 aiki cikin 'yan sa'o'i a gundumar Bilaspur, aka rasa mata 13 a sansanonin ɗaure mahaifa na yankin, har Kotun Ƙolin ƙasar ta ba da umarni a 2016 a kawo ƙarshen irin waɗannan sansanoni. A Afirka ta Kudu, hukumar daidaiton jinsi ta fitar da rahoto a 2020 a kan mata 48 da aka yi wa ba da yardarsu ba a asibitocin gwamnati. Dubi waɗanda abin ke faɗa wa: talaka, wadda ba ta yi boko ba, wadda ba ta jin harshen da aka rubuta takardar da shi. Kwatancin mafi yawan matan da ke kwance a ɗakunan haihuwarmu ke nan.

Mu kuma muna da wani dalili na daban da zai sa mu yi taka-tsantsan. A 1996 aka gwada maganin Trovan a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau, kuma jigon rigimar da ta biyo baya shi ne ko iyayen sun san gwaji ake yi. A 2003 jita-jitar cewa rigakafin shan inna na hana haihuwa ta sa aka dakatar da shi a Kano kusan shekara guda, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Jita-jitar ƙarya ce, amma ta samu gindin zama ne saboda mutane sun riga sun yi amanna cewa asibiti na iya yi maka abu bai gaya maka ba. Mace ɗaya da ta gano bayan shekaru cewa an ɗaure mata mahaifa ba da saninta ba, labarinta zai zaga gidajen suna da na biki, ya hana mata da yawa zuwa asibiti haihuwa. Wasunsu a gida za su mutu. Likitan da ya yi don ceton rai ɗaya bai lissafa waɗannan ba.

Addini ma bai bar ƙofar a buɗe ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa kawar da ikon haihuwa gaba ɗaya bai halatta ba sai da larurar da shari'a ta amince da ita, amma tazara ta wucin gadi ta halatta bisa shawara da yardar ma'aurata. Ke nan macen da likita ya tabbatar ciki na gaba na iya kashe ta tana da hurumi. Sai dai tana da haƙƙin ta ji larurar da kunnenta, ta tambayi malaminta in tana so, ta yi istihara. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake yi a kan gadon tura marasa lafiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuwa ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majiyyaci halin da yake ciki, da zaɓin da ke gabansa, da amfani da haɗarin kowanne, da haƙƙinsa na ƙi, cikin harshen da yake fahimta. Majiyyaci doka ta ce. A ɗakin haihuwa majiyyaciyar ita ce matar.

Ba ina cewa a ware miji ba. Auren da za a yanke irin wannan shawara ba da sanin miji ba ya riga ya samu matsala, kuma mafi yawan mata da kansu za su so a kira shi. Abin da na ƙi shi ne sa hannunsa ya maye gurbin nata. Wannan al'ada tana cutar da mata ta fuska biyu. Ga wadda aka yi wa ba ta so. Ga kuma 'yar shekara arba'in mai 'ya'ya tara, da hawan jini, ta taɓa yin jijjiga, ta zo da ƙafarta tana roƙo a yi mata, a ce sai ta kawo maigida, shi kuma ya ce ba da yawunsa ba. Ita ma an ƙwace mata abin da yake nata.

Gyaran ba ya buƙatar sabon gini ko na'ura daga waje. Macen da aka taɓa yi wa tiyata biyu an san da ita tun ranar da ta fara awo, tabon na nan a cikinta. Wata na shida ko na bakwai ne lokacin zancen, tana zaune a kan kujera da mayafinta, ba a kwance ba. A ce mata, "Hajiya, wannan karon ma wataƙila aiki za a yi. Akwai maganar da nake so ki je ki yi tunani a kai." A zana mata bututun a takarda. A faɗa mata da Hausa cewa ba ya kwantuwa, cewa jefi-jefi yakan gaza, cewa akwai roba da ashana, cewa in ta ce a'a ba za a fasa kula da ita ba, kuma ko ta sa hannu tana iya janyewa har zuwa ranar aikin. A tambaye ta ita kaɗai tukuna, sannan a kira mijin. Ta je gida ta dawo awo na gaba da amsarta. Takardar ma a buga ta da Hausa, da boko da ajami, a karanta wa wadda ba ta iya ba a gaban shaidar da ita ta zaɓa.

Wadda kuma aka kawo cikin dare ba ta taɓa awo ba, a ciro jaririn, a ɗinke, a bar bututun yadda Allah ya yi shi har ta farfaɗo. In kuwa larura ta sa an cire wani abu ko an ɗaure, to kafin sallama likitan da ya yi aikin ya zo bakin gadonta da kansa ya gaya mata abin da aka yi da dalilinsa, a rubuta a katinta. Akwai matan da ke shafe shekaru suna yawon neman haihuwa, daga mai magani zuwa mai rubutun sha, suna sayar da akuya da kayan ɗaki, sai ranar da aka yi musu hoton bututu wani baƙon likita ya ɗago kai ya tambaye su yaushe aka ɗaure.